Sabuwar laftof ce, amma manhajar gyaran hoto tana jan ƙafa

"Assalamu alaikum Malam. Kwana goma ke nan da na sayi sabuwar laftof don aikin gyaran hoto. Core i7 ce, RAM 16, SSD 512, allonta 4K, kuma akwai katin NVIDIA a ciki. Amma in na buɗe manhajar Lightroom Classic na ja silaida, wato abin da ake ja don ƙara ko rage haske da launi, sai na jira kafin hoton ya canza, burushi ma a baya yake biyo hannuna. In na haɗa da Photoshop kuwa, fanka ta yi ta kuka, wani lokaci komai ya tsaya cik. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsohuwar kwamfutata ta tebur mai shekara shida ta fi ta sauri. Hotunan RAW ne, megafiksel 24, suna kan had ɗin waje. Shin lalatacciya aka sayar mini, ko ni ne ban iya saiti ba? In mayar da ita ne?"

Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Na ji daɗi da ka kawo bayanin na'urar dalla-dalla, domin ka rage mini rabin aiki. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: dalilin da ya sa sabuwa ta kasa tsohuwa, da kuma ko ka mayar wa mai ita kayansa. Bari in fara da na biyun. Kada ka mayar tukuna, amma yau ɗin nan ka duba takardar sayenka ka ga kwana nawa aka ba ka na mayarwa, don binciken da zan nuna maka ya ƙare kafin wa'adin ya cika. Na'ura mai waɗannan siffofi ta isa ta ɗauki hoton megafiksel 24 ba tare da haki ba. Ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ya riƙe ta, kuma mafi yawan lokuta abin a saiti yake, ba a ƙarfen ba.

Me ya sa tsohuwar ta fi ta?

Fayil ɗin RAW ba hoto ne gamamme ba, ɗanyen bayani ne da kyamara ta kwaso. Lightroom ba ta taɓa asalin fayil ɗin. Tana rubuta umarninka ne a katalog, wato fayil ɗin da take ajiye bayanin hotunanka da gyaran da ka yi musu, kuma duk lokacin da ka motsa silaida sai ta sake lissafin hoton ta zana maka shi a allo. Photoshop kuma wata hanyar take bi, tana shimfiɗa hoton gaba ɗaya a cikin RAM. Hotonka fiksel 6000 ne a faɗi, 4000 a tsaye. A kan faifai bai fi megabait 25 zuwa 50 ba, amma da zarar an buɗe shi a Photoshop a zurfin launi na bit 16, ya zama megabait 144. Leya ɗaya ke nan, wato shimfiɗa ɗaya cikin waɗanda ake jerawa a kan juna yayin gyara. Ka yi cikakkun leyoyi goma, ka kusa gigabait ɗaya da rabi, ba a ma lissafa matakai 50 na baya da manhajar take ajiye maka don ka iya komawa ba.

Ma'aikata huɗu ne ke ɗauke da wannan kaya: furosesa mai yin lissafi, RAM mai riƙe aikin da ake kan yi, katin girafik mai zana hoto a allo, da ma'adana, wato had ko SSD inda fayiloli suke zama. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke saurin tafiyar, sauran ukun su tsaya jiransa.

To, a nan ne tsohuwarka take cin riba ba tare da ka lura ba. Ina kyautata zaton allonta 1920 da 1080 ne, wato fiksel miliyan 2 da ɗan kai. Allon 4K kuwa 3840 ne da 2160, fiksel miliyan 8.3 ke nan, ninki huɗu cif. Duk jan silaida guda, sabuwar tana zana ninki huɗu na abin da tsohuwar take zanawa. Sannan ga batun wuta. Furosesar kwamfutar tebur takan sha wat 65 ko fiye, ga ƙatuwar fanka, ga akwati mai iska, don haka za ta wuni a guje. Ita kuwa laftof, sunan "i7" kaɗai ba ya faɗa maka komai sai ka duba harafin da ke ƙarshen lambar. Mai ƙarewa da U an yi ta ne don ta riƙe batir, wat 15 take aiki da shi. Mai ƙarewa da H wat 45 ce, ita aka yi don aiki mai nauyi. Dukkansu i7 ake kira, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a harkar sayen kwamfuta, domin mutane da yawa takardar da aka manna a jikinta suke saya.

Ka duba kafin ka taɓa

Kafin ka canza ko da saiti ɗaya, ka yi wa kanka ma'auni. Zaɓi hoto guda da ka san yana ba ka wahala, da kuma wasu 50 da za ka fitar zuwa JPEG, ka duba agogo ka rubuta minti nawa fitarwar ta ci. Duk gyaran da za ka yi daga baya, ka maimaita wannan gwajin. Kuma gyara ɗaya-ɗaya za ka yi. In ka canza abu biyar a tare na'ura ta gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba, ranar da matsalar ta dawo kuma sai ka koma farko.

Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe. Shiga sashen Performance, ka ajiye tagar a gefe, ka ci gaba da aikinka kana satar kallonta. Gani ya kori ji. In Memory ta haura kashi 90 cikin 100, RAM ce ta cika. In layin had ɗinka na waje ya manne a 100 lokacin da kake tsallakawa daga hoto zuwa hoto, ma'adana ce. In ka ga GPU, wato katin girafik, guda biyu, na Intel yana ta aiki na NVIDIA yana kwance a sifili, to ka kama ɓarawon. In kuma saurin furosesa ya fara sama ya yi ta saukowa bayan 'yan mintoci, zafi ne ko ƙarancin wuta.

Ni da wuta nake farawa kullum, domin ita ce mafi sauƙin dubawa kuma ita aka fi mantawa. Laftof in tana kan batir, da gangan take rage ƙarfin furosesa da katin girafik. Ka jona ta, kuma da cajar da ta zo da ita. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini sabuwar laftof ɗinsa ransa a ɓace, ya riga ya yanke shawarar mayarwa. Mun ɗauki kusan awa guda muna juya saiti babu canji, sai idona ya kai kan cajar. Ashe ƙaramar caja ce ta USB-C mai wat 65 ta wata na'urar, ya ɗauko ta ne saboda ba ta da nauyi a jaka, ya bar babbar a kwali. Alamar caji tana nunawa a allo, amma wutar ba ta isa ta ciyar da furosesa da katin girafik a tare ba, sai na'urar ta takure kanta. Da muka jona tata, sai ka ce an canza kwamfuta. Tun daga ranar, caja nake fara tambaya.

Bayan ka jona, shiga Settings, System, sashen Power, ka mayar da yanayin wuta zuwa Best performance. Ka kuma duba manhajar da kamfanin laftof ɗin ya sa a ciki ta kula da fanka. Da yawa suna zuwa a yanayin shiru, wanda ke hana fanka gudu, ya hana furosesa ƙarfi.

Katin da aka biya kuɗinsa yana barci

Wannan ne babban wanda nake zargi a matsalarka. Laftof irin taka tana da katin girafik biyu: ƙarami da ke cikin furosesa, wanda ba shi da RAM nasa sai dai ya ci daga gigabait 16 ɗinka, da kuma na NVIDIA mai nasa. Windows ce ke zaɓa wa kowace manhaja wanda za ta yi amfani da shi, kuma wani lokaci takan miƙa Lightroom ga ƙaramin. Ka yi tunanin ƙaramin kati da allon 4K, ai dole burushi ya biyo ka a baya.

Gyaran ba shi da wuya. Settings, System, Display, sannan Graphics. Ka nemo Lightroom da Photoshop a jerin, in ba su nan ka ƙara su, ka zaɓa musu High performance. Rufe manhajar ka sake buɗewa, sannan a Lightroom ka shiga Edit, Preferences, Performance. A nan za ka ga sunan katin da take amfani da shi a rubuce. Sunan NVIDIA kake son gani.

Sai direban katin, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da katin. Sabuwar laftof ba lalle direbanta ya zama sabo ba, domin wataƙila ta yi watanni a kwali tun da aka haɗa ta, manhajar kuma an sabunta ta sau da yawa a tsakani. NVIDIA tana da direba iri biyu, Game Ready na masu wasanni da Studio na masu aikin hoto da bidiyo. Studio nake ba ka shawara, saboda an fi gwada shi da irin waɗannan manhajoji. Akwai kuma gwaji mai amfani: a wancan sashen na Performance, ka kashe amfani da katin girafik gaba ɗaya na ɗan lokaci. In abin ya ƙara muni, katin yana aikinsa. In kuwa ya gyaru, to direban ne ke da matsala, sai ka cire shi ka sa wani. Kada dai ka bar shi a kashe ka ce an gama, domin kayan aikin zamani kamar Denoise mai share dishi-dishin hoto, da Adobe ta shigo da shi a 2023, da masu zaɓo mutum ko sararin sama da kansu, a kan katin girafik suka dogara. Adobe da kanta tana ba da shawarar kati mai gigabait 4 ga allon 4K.

Don ka tabbatar da rawar da allon yake takawa, ka rage girman tagar Lightroom zuwa rabi, ko ka mayar da allon 1920 da 1080 na minti biyar ka ja silaida. In ta saki nan take, ka san nauyin fiksel ne. Wasu masu aiki da ƙananan laftof a haka suke zama yayin gyara, su koma 4K lokacin duba kaifin hoto.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da sabuwar na'ura, wanda ba a cika faɗa wa mai saye ba. A kwanakinta na farko ba kai kaɗai take yi wa aiki ba. Windows tana sauke sabuntawa, tana bin fayilolinka ɗaya-ɗaya tana gina jerin bincike, OneDrive kuma, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, yana iya kama foldojin Desktop da Documents da Pictures yana ɗora su a intanet. Wannan na ƙarshen ka kula da shi sosai, domin Lightroom a cikin Pictures take ajiye katalog ɗinta in ba ka canza mata wuri ba. Katalog fayil ne da ake rubutu a cikinsa kusan duk motsin da ka yi, kusa da shi kuma ga dubban ƙananan fayilolin samfoti, wato kwafin hotunan da take nuna maka a allo. In OneDrive yana bin su yana ɗorawa, manhajojin biyu za su yi ta jan igiya. Ka mayar da katalog ɗin wata folda da ba a ɗorawa, ka riƙa ajiye kwafinsa da kanka a wani wuri.

Haka manhajar kariya daga bairos ta gwaji da akan cusa a sababbin kwamfutoci. In ba ka da niyyar biyan kuɗinta, cire ta, Microsoft Defender da ke cikin Windows zai karɓi aikin da kansa. Kana iya sa foldar katalog a cikin waɗanda Defender ba zai riƙa bincika ba, amma ita kaɗai, kada ka kashe kariyar baki ɗaya. Ita ma Lightroom tana da nata ayyukan ɓoye. Danna tambarinta da ke sama ta hagu, za ka ga neman fuskoki da neman adireshi, ka dakatar da su. Daidaitawa da intanet kuma tana alamar gajimare a sama ta dama. In ka kwaso tsohon katalog mai dubban hotuna zuwa sabuwar na'ura, waɗannan za su iya cin kwanaki suna aiki a bayan fage. Ka bar laftof ɗin a jone dare ɗaya ko biyu ta gama sabuntawarta, sannan ka sake kunna ta.

Had ɗin waje, da RAM

Ka ce hotunanka suna kan had ɗin waje. In irin mai faifai mai juyawa ne, bai fi megabait 100 zuwa 130 yake bayarwa a daƙiƙa ba, alhali SSD irin NVMe da ke cikin laftof yakan kai 3000 ko fiye. Amma bari in bambance maka, don kada ka kashe kuɗi a inda bai dace ba. Jinkirin had yana bayyana ne lokacin shigo da hotuna da lokacin tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Da zarar hoto ya buɗe, silaida ba ta komawa had. Saboda haka jinkirin silaida da burushin da ka ambata ba a nan gizo ke saƙa ba, ko da yake had ɗin yana ƙara maka wahala ta wani gefen.

Abin da nake yi a aikina shi ne, katalog da samfoti suna kan SSD na ciki kullum. Hotunan da nake kan gyarawa su ma ina kwafo su ciki, in na gama in mayar da su waje. In ba ka son wannan kai-kawo, ka gina Smart Previews, waɗanda ƙananan kwafi ne masu fiksel 2560 a dogon gefe, ka kunna zaɓin da ke Performance na yin gyara a kansu maimakon asalin. Gyaran yana komawa kan asalin lokacin fitarwa, ba ka rasa komai ba. A wannan sashen dai akwai ma'ajiyar wucin gadi ta Camera Raw, injin da ke sarrafa fayilolin RAW, wadda ke zuwa a gigabait 5. Ni nakan kai ta 20. Kuma kada ka bari SSD ɗin ya cika maƙil, ka bar masa aƙalla kashi ɗaya cikin biyar, domin Photoshop a kansa take zuba abin da RAM ta kasa ɗauka.

Gigabait 16 ya isa Lightroom ita kaɗai, ya isa Photoshop ita kaɗai. Su biyun a tare, ga burauza mai shafuka ashirin, to ya fara matsewa, domin Photoshop an saita ta ne ta iya cin kashi 70 cikin 100 na RAM. Ina ganin wannan ne ke sa komai ya tsaya maka cik in ka haɗa su. A ƙasan tagar hoto a Photoshop akwai ƙaramar kibiya, danna ta ka zaɓi Efficiency. In lambar tana 100, aikin yana cikin RAM. In tana yawan faɗowa ƙasa da 90, an koma kan SSD, kuma ƙarin RAM zai taimake ka. Ka rage matakan baya daga 50 zuwa 20 in ba ka cika komawa da nisa ba, ka kuma rufe hotunan da ka gama.

Ka leƙa sashen Memory a Task Manager, wani lokaci yana nuna ramuka nawa aka yi amfani da su. In sanda ɗaya ce mai gigabait 16 kuma akwai rami na biyu a buɗe, ƙara ta biyu irinta zai ba ka 32, ya kuma buɗe hanya biyu tsakanin RAM da furosesa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai siraran laftof da yawa yanzu RAM ɗinsu a like take da allon uwa, wato babban allon da ake haɗa sassan kwamfuta a kai, ba a ƙarawa. Ka san wannan kafin wa'adin mayarwa ya wuce, domin shi ne abin da ba ya gyaruwa daga baya.

Game da kukan fanka, shi kansa ba ciwo ba ne, aikinta take yi. Abin dubawa shi ne ko tana iya fitar da zafin. Furosesocin Intel sukan rage gudu da kansu in sun doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, don kada su ƙone. Alamarsa ita ce na'ura ta fara da kuzari, bayan minti biyar ko goma ta yi laushi. Manhajar HWiNFO kyauta ce, tana nuna zafin kuma tana faɗa maka in an rage gudun. Ka ɗora laftof ɗin a kan abu mai tauri, ka ɗaga bayanta kaɗan iska ta shiga. Katifa da matashi suna toshe mata hanci.

Yadda kake aiki ma yana da tasiri. Tunda Lightroom tana sake lissafa kowane gyara duk motsi, hoton da ka yi wa goge tabo sau ɗari da burushi iri-iri zai yi nauyi a kowace kwamfuta. Irin wannan aikin na gyaran fata da share abubuwa da yawa, Photoshop za ka kai shi. Ka gwada silaida a kan hoton da ba ka taɓa ba, in ta tafi sumul, to tarin gyaran ne.

Ga masu Mac da ke karanta wannan, tunanin ɗaya ne. Activity Monitor ne madubinku, ku kalli launin matsin RAM, in ya koma ja ta cika. Spotlight, mai binciken fayiloli a Mac, shi ma yana bin fayiloli a kwanakin farko. Kuma tun da Apple ta fito da furosesarta M1 a 2020, ku tabbata manhajar da ƙarin kayanta an yi su ne don sabuwar furosesar, ba ta Rosetta 2, mai fassara manhajojin da aka yi don furosesar Intel, suke bi ba.

Yaushe za ka mayar?

Ban riƙe na'urarka a hannu ba, daga bayaninka nake hukunci, kuma akwai ciwon da sai an buɗe ta ake gani, kamar man sanyaya furosesa da ba a shafa daidai ba tun daga masana'anta. Ka mayar ba tare da jinkiri ba in tana mutuwa da kanta, ko tana nuna shuɗin allo akai-akai, ko zafinta yana haura digiri 90 alhali ba ka buɗe komai ba, ko katin NVIDIA bai bayyana a Device Manager, jerin sassan kwamfuta na Windows, ba ko bayan ka sa direba, ko kuma RAM da SSD da take nunawa ba su kai abin da aka sayar maka ba. Kada ka kwance ta da kanka a irin wannan hali, domin hakan na iya ɓata maka garanti.

Akwai kuma halin da lafiyarta ƙalau, amma ba ta dace da aikinka ba: furosesa mai U, RAM a like, siririn jiki da ba ya fitar da zafi, ga allon 4K a kai. Saiti zai rage maka wahala, amma ba zai mayar da wat 15 ya zama 45 ba. In haka ta kasance kuma gyaran hoto ne sana'arka, ni da ni ne zan musanya ta da mai H, mai ramin ƙara RAM, ko da allonta bai kai 4K ba.

Ka fara da caja, da yanayin wuta, da zaɓin katin girafik, da fitar da katalog daga OneDrive. Waɗannan huɗun ba za su ci maka rabin awa ba. In ka yi su abin bai saki ba, ka turo mini cikakkiyar lambar furosesar, da sunan katin da Lightroom take nunawa, da hoton Task Manager a daidai lokacin da ta maƙale, da mintocin da hotuna 50 ɗin suka ci kafin gyara da bayansa, sai mu ɗora daga nan.